Macijiyar Kusugu a dandalin gari: abin da za ta faɗa da yadda ake gina ta

Duk dabbar da aka kafa siffarta a tsakiyar gari magana take yi, ko wanda ya ba da aikin ya nufa ko bai nufa ba. Zaki da giwa da ɓauna na sarauta ne, da su ake yi wa sarakuna kirari. Doki na hawan Salla ne da ƙofar fada, kuma a Katsina yana da ƙarin daraja saboda ƙwallon dawaki da ya kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa. Kada na Kaduna ne, kifi na Argungu. Kura kuwa babu garin da zai yarda a kafa masa ita, kowa ya san halinta a tatsuniya. Dabbar Daura sananniya ce: macijiyar rijiyar Kusugu. Ita ce mafi wuyar sha'ani a cikinsu duka, domin sauran ana kafa su ne don a yi alfahari da su, ita kuwa mutuwarta ce abin alfaharin.

Wanda zai yi wannan aiki sai ya sake sauraron labarin yana lura da abubuwan da ido ke iya gani a cikinsa. Macijiya mai suna Sarki ta tare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa da ake kira Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, ta gaya masa dalili. Ya karɓi guga ya nufi rijiyar. Da macijiyar ta fito ya sare mata kai da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya ɗauke kan, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a wurin. Gari ya waye aka tarar da gangar jiki, masu cika baki suka yi ta cewa su ne, aka ce to kowa ya kawo kai. Daga nan ne aka gano Bayajidda, aka yi aurensa da Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, labarin Hausa Bakwai ya biyo baya.

Abin da mutanen Daura suka gani da safiyar nan shi ne ya kamata a gina. Rijiya a buɗe, guga da igiya, takalmi ƙafa ɗaya, da jibgegiyar gangar jiki a yashe babu kai. Ba a bukatar siffar Bayajidda, domin a wannan sa'a shi ma ba ya wurin. Takalmin da wuƙar sun wakilce shi. Kuma duk wanda ya girma a garin da mata da yara ke yin sammako saboda ruwa zai gane abin da ake nufi ba sai an yi masa bayani ba: an buɗe wa kowa rijiya, kowace rana. Wasu masana tarihi suna karanta labarin a matsayin sauyin mulki daga sarauniyoyi zuwa sarakuna, ko gushewar wani tsohon tsafi da ke bakin rijiyar. Ko wace fassara aka ɗauka, macijiyar ce a ƙasa, ruwan ne a sama.

Kuskuren da ya fi saurin zuwa wa mai zane shi ne ya ɗauko kumurci, ya tayar masa da kai, ya buɗe masa wuya, ya fito da harshe, ya ɗora shi a ƙololuwar ginin. Abin yana da kyau a takarda, amma labarin ya juya. Baƙon da ya shigo Daura lokacin Sallar Gani ya ga haka zai fahimci cewa garin girmama maciji yake yi, ɗan gari kuwa gunki zai kira shi, kuma yana da hujja. Siffar mesa ta fi dacewa: jiki mai kauri, mai nauyi, a kwance. Mataccen maciji ba ya naɗewa tsaf kamar gammo. Jikinsa a sake yake, wani wuri cikin ya ɗan juyo sama, jela ta miƙe ba ƙarfi. Idan aka yi masa naɗi uku masu kyau daidai wa daida, to barci yake yi, bai mutu ba.

A nan ne kuma maganar addini ke shigowa, kuma ba abin da za a kauce masa ba ne a gari irin Daura. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa siffar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, wadda aka yi da abin da ke daɗewa. Mutum-mutumin doki ko zaki na siminti ya cika waɗannan sharuɗɗa duka. Amma idan siffar ta rasa gaɓar da dabba ba ta rayuwa sai da ita, ta fita daga wannan hukunci, kuma akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito inda Mala'ika Jibrilu ya yi umarni a sare kan wata siffa don ta koma kamar itace. Labarin Kusugu da kansa ya riga ya sare kan. Wato abin da ya fi dacewa da tarihi shi ne kuma ya fi kusa da abin da fiƙihu ya yi sauƙi a kansa, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya sa a fifita wannan tsari a kan kowane. Duk da haka, kada a haƙa ko rami ɗaya kafin a kai ƙaramin samfurin aikin gaban malaman gari da fada, a saurare su. Idan suka ga ko wannan bai kwanta musu ba, sai a bar rijiya da guga da wuƙa da takalmi su tsaya da jikinsu, macijiyar kuma a zana ta a lafe a jikin dakali, irin adon da maginan gargajiya ke yi a fuskar soro. Hikimar nan za ta yi wa Katsina amfani a kan doki: doki marar kai ba abin kallo ba ne, amma sirdi da likkafa da linzami da jalala suna faɗin abin da dokin zai faɗa.

Wajen kafawa, an saba da shataletale, amma dandalin da mutane ke tafiya a ƙasa ya fi. Mai mota yana da daƙiƙa uku ko huɗu ne na kallo, ba zai ga takalmi ba, ba zai karanta allo ba, kuma manyan motocin da ke bin hanyar iyakar Kwangwalam ba sa tausayin gini. Idan dole sai shataletale, dakalin kada ya wuce mita ɗaya don kada ya tare wa direba ganin wanda ke shigowa, a ja ginin ciki aƙalla mita 3 daga bakin kwalta, a kewaye shi da ƙaƙƙarfan shingen kankare.

Aikin yana farawa da samfurin yumɓu, kashi ɗaya cikin goma na girman da ake so. A ɗora shi a kan teburi daidai tsayin ido, a kewaya shi ta kowane ɓangare. Abin da bai fito ba a yumɓu ba zai fito a siminti ba, kuma gyaran yumɓu kyauta ne. Lissafin da ke biye na macijiya ce mai tsawon mita 12 da kaurin santimita 40, da bakin rijiya mai faɗin mita ɗaya da rabi. Zagaye ɗaya a gindin rijiyar yana cin kusan mita 6, sauran ya tafi a wuyan da ya rataya a kan baki da jelar da ta miƙe a dakali.

Ƙasar Daura jigawa ce a wurare da yawa, saboda haka a haƙa har sai an taɓa ƙasa mai tauri, galibi tsakanin santimita 90 da mita ɗaya da 'yan kai. A yi gini na zagaye da bulo mai inci 9, a cika cikinsa da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara wani. Masu gaggawa sukan juye tifa guda su baje su ce ya yi. Damina ɗaya ƙasar za ta zauna, daɓen ya rataya a kan iska, ya karye. A kan cikon sai a zuba kankare mai kaurin santimita 20, haɗin 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa, tun da buhu ɗaya kwano biyu ne. A shimfiɗa rodi mai milimita 12 a sarƙe, tazarar santimita 20, a ɗaga shi daga ƙasa da 'yan dunƙulen simintin nan da magina ke kira biskit. Dakali mai faɗin mita 5 zai ci kusan kubik mita 4 na kankare, buhu 25 ke nan ko kusa da haka. Kafin a zuba, a shata hanyar da jikin macijiyar zai bi, a kafa guntayen rodi masu lanƙwasa a kowace mita ɗaya, su fito sama santimita 30. Su ne za su ɗaure jikin da daɓen. A ba daɓen ɗan gangare zuwa waje don kada ruwa ya kwanta.

Ƙashin macijiyar rodi ne. Sandar rodi ɗaya mita 12 ce, saboda haka sanduna 4 masu milimita 10 za su bi tsawon jikin ba tare da haɗi ba: ɗaya a baya, ɗaya a ciki, biyu a gefe. A lanƙwasa zobba na rodi mai milimita 8, faɗin santimita 35, suna raguwa zuwa jela, a jera su kowane santimita 25. Zobba 48 ke nan, sanduna 5 sun isa. Ɗauri da waya ya wadatar a yawancin wurare, amma inda wuya ya hau bakin rijiya da inda jiki ya haɗu da rodin daɓe a kira mai walda. Cikin zobban a cusa ƙunshin tsofaffin buhunan siminti, a ɗaure shi ya ɗan ja baya daga ƙarfen don kwaɓi ya samu shiga ya rufe rodin ta ciki. Sannan a naɗe waje da ragar kaji ninki biyu, kimanin murabba'in mita 30, idanun ninki na biyu su saɓa wa na farko. A ja ta ta yi tauri. Idan ka danna da babban yatsa ta lotsa, kwaɓi ma zai lotsa ta, jikin ya fito da kwari da tudu.

Ba a cika jikin da kankare. Ɓawo mai kaurin santimita 5 ya isa, nauyinsa kusan tan ɗaya da rabi. In an cika shi zai kai tan uku da rabi, ga asarar siminti, ga zafin da ke taruwa a ciki lokacin kamawa yana tsaga shi.

Yashi shi ne inda aka fi cin amanar irin wannan aiki. A ɗebo daga tsakiyar tulin, a zuba a kwalba har tsayin santimita 10, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye har washegari. Laka za ta kwanta a saman yashin a fili. Idan ta kusa santimita ɗaya, a wanke yashin ko a mayar wa mai tifa da kayansa. Laka tana shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, ita ce uwar ƙananan tsagar nan masu kama da yanar gizo. A tankaɗe yashin, kuma ruwan kwaɓi ya zama wanda za a iya sha. Ruwa mai gishiri ko kanwa yana cin ƙarfe daga ciki. Shafe uku ake yi wa jikin: biyu na farko haɗin 1:3, wato awo ɗaya na siminti da uku na yashi, na ƙarshe 1:2. Ruwa lita 20 zuwa 22 ga kowane buhu. Lebura zai ce, "Maigida, ya yi tauri, bari in ƙara ruwa." Kada a yarda. A damƙi kwaɓin a hannu: ya dunƙule, sawun yatsu ya fito a jikinsa, tafin hannu ya yi danshi amma ruwa bai ɗiga ba. Wannan shi ne daidai. Duk ruwan da ya wuce haka zai ƙafe ya bar ƙofofi, kuma ta nan ruwan sama zai isa ga rodi. A kwaɓa abin da za a iya gamawa cikin minti 30 zuwa 40 kawai, wanda ya fara kamawa a zubar, ba a farfaɗo da shi da ruwa. Jikin duka zai ci buhu 7, a tanadi 9.

Shafen farko da hannu ake yin sa, da safar roba, ana tura kwaɓin ta cikin idanun raga har ya cika bayan ƙarfe. Kafin ya bushe a karce shi da ƙusa. Washegari a jiƙa shi, a shafa ruwan siminti mai kaurin kunu da buroshi, a ɗora na biyu tun yana ɗanye. A na biyu ne ake fitar da sura, a tabbata kowane ƙarfe ya samu rufin santimita 2 ta waje. Wannan santimita biyun ita ce rayuwar ginin. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, saboda haka rodin da ruwa ya taɓa yana kumbura ya ture simintin da ke kansa. Da fari za a ga jan layi a jikin fenti, bayan damina biyu ko uku ɓawo ya ɓalle, ƙarfe ya fito. Shafe na uku siriri ne, kusan santimita ɗaya, a kansa ake buga ɓawon fatar maciji da tambarin katako da aka jiƙa da ruwa. Kowane ɓawo ya kai tafin hannu. Ƙanana ba a ganinsu daga nesa, ƙura kawai suke tarawa. Wurin sara a wuya a yi shi a shafe, yanka ɗaya mai tsabta. Ba a zuba masa jan fenti. Yara ne za su fi kowa kallonsa, kuma rashin kan ya riga ya faɗi komai.

Tun da cikin jikin fanko ne, danshi zai taru a ciki. A bar bututun roba mai faɗin santimita 2 a wurare uku ko huɗu mafi ƙasa, a toshe bakinsa da raga don kada zanzaro da ƙadangaru su mai da shi gida. Rijiyar ma haka: ba rami ba ce ta gaske, a rufe ta da daɓe santimita 30 ƙasa da baki, a yi mata magudana, in ba haka ba ta zama kwandon shara da gidan sauro. Gwafanni biyu da sandar da ke kansu a yi su da bututun ƙarfe, su kai mita biyu da rabi, domin gugan ne ya kamata ya zama mafi tsayi a ginin duka. Igiyar gaske ba ta shekara a rana, a murɗa siririn rodi biyu a madadinta. Duk wani ƙarfe, har wuƙar da takalmin, a lulluɓe shi da raga da siminti, a kafe shi cikin daɓe. Ƙarfen da ya fito fili a dandali, 'yan jari-bola na ganinsa. Wannan ne ma dalilin da ya sa tagulla, duk da kyanta da daɗewarta, ba ta dace da wurin da babu mai gadi ba. Faibagilas, wato robar da ake ƙarfafawa da zaren gilashi, shi kuma rana tana cinye shi, ya kode, ya yi gautsi.

Siminti ba bushewa yake bukata ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Iskar hunturu tana zuƙe danshin fuska cikin sa'o'i kaɗan, zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, kuma dukansu suna tsaga sabon shafe kafin ya kama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A kafa rumfa, a yi shafe da safe, da zarar ya kama a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a ɗora leda a kai. Ban-ruwa safe da rana da yamma, kwana 14. A ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki a biya shi a kansa, don idan aka bar wa kowa, ba wanda zai yi. Bayan nan a bi jikin da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda ya kama zai ba da ƙara mai kaifi, inda shafe ya rabu da na ƙarƙashinsa zai amsa da sautin fanko. A fasa wurin a sake shi yanzu, kafin fenti ya ɓoye shi.

Fenti ya jira kwana 28. Sabon siminti yana da kaifin da ke narkar da fenti mai mai, ya yi kumfa ya saɓule, kuma ranar buɗewa da aka tsayar tun kafin a fara gini ita ce ke sa a yi wannan ganganci. Abin da ya fi shi ne a zuba hodar kala a cikin shafen ƙarshe, kilo biyu da rabi ga buhu, a gauraya a bushe kafin a sa ruwa, kuma a auna da sikeli kowane kwaɓi don kada launi ya bambanta. Launin da ke cikin siminti ba ya saɓulewa. Idan fenti za a yi, a fara da na ƙasa mai jure siminti, sannan fentin ruwa na waje shafe biyu. Launin ƙasa-ƙasa da baƙi-baƙi, marar sheƙi. Kore shar ko ruwan zinari mai walƙiya yana dawo wa macijiyar da rai. Fitilar sola ta haska gugan, ba macijiyar ba, kuma kada haskenta ya fuskanci direbobi. Allon bayani ya zama gajere, da boko da ajami, an sassaƙa shi a jikin siminti ko dutse.

Tun a takardar kwangila a rubuta wanda zai kula da wurin da kuɗin da aka ware masa. A wanke ƙurar hunturu a watan Maris. A watan Mayu, kafin ruwan farko, a duba tsaga: wadda farce bai shiga ba a shafe ta da ruwan siminti, wadda ya shiga a buɗe ta da kurfi, a kankare tsatsar da burushin ƙarfe, a jiƙa, a cike da kwaɓin 1:2, a yi mata ban-ruwa na mako ɗaya. A zura waya a bututun magudana. Fastocin siyasa a jiƙa su da ruwa su saki da kansu, domin kankara da wuƙa tana tafiya da fenti. Idan fenti aka yi, a sabunta shi duk shekara uku ko huɗu, kuma da launin da aka fara, a ajiye lambarsa a rubuce wurin wanda ke kula da ginin.